Uwar Kujeru da Teburan Bakin Taga

Auta tana shanya a tsakar gida ranar da ta fara jin sunan. Wani mai babur ne ya tsaya a bakin ƙofa, riƙe da ƙafar kujera guda ɗaya da kafinta ya aiko a duba, ya yi sallama ya ce, "Nan ne gidan Uwar Kujeru?"

Ta ce masa ya yi ɓatan kai. Abbanta, da ke gyaran rediyo a inuwa, ya tuntsire da dariya.

"Karɓi saƙon, goggonki ake nufi. Mu mun san halin tun tana ƙarama, 'yan ofis kuma suka raɗa masa suna."

Goggo ƙanwar Abba ce, ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Auta kuwa ita ce rumbun gidan, ba ta mantuwa da abin da manya suka faɗa, don haka ta san labarin. Goggo tana 'yar firamare ta taɓa jan gadon mahaifiyarsu zuwa ɗaya bangon, wai rana tana dukan idon tsohuwa da safe. Ta sha faɗa, amma gadon bai koma ba har tsohuwar ta bar duniya. Har gobe a gidan ana cewa mai shiga ɗakin Goggo ya fara tura ƙafa kafin ya tura kai, don abin da ya bari a dama jiya yana hagu yau.

A kamfanin sayar da kayan sola take aiki. Ta fara da buga takardu, ta koma teburin karɓar baƙi, daga baya aka damƙa mata ginin gaba ɗaya: fanka, famfo, makullai da kujeru. Ta san wanda bayansa ke ciwo, ta san wanda sanyin na'ura ke sa wa mura.

Da kamfanin ya koma sabon tsari, wasu ranaku a ofis wasu a gida, sai ya saki hawa ɗaya cikin biyun da yake haya. Manaja ya kira Goggo ya ce mutanen hawa biyu za su shiga hawa ɗaya, tunda ba rana ɗaya za su riƙa zuwa ba, ta tsara wurin yadda kowa zai ji daɗin zuwa. Ranar ta dawo gida kamar an yi mata albishir da aljanna.

Ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsu abin da ke damunsu. Ta sa aka cire allunan da suka raba tebura. Ta kafa wa kowa loka ta ajiyar kaya, ta ware ƙananan ɗakuna biyu na taron bidiyo, ta sa dogon tebur kusa da butar shayi don masu son hira. Dokar wurin ɗaya ce: tebur ba na kowa ba ne, wanda ya zo ya zauna inda ya samu. Ita ce ta fara sakin nata teburin don a gani. Wurin da ya fi ko'ina shiru, wato jerin teburan bakin taga, nesa da injin kwafi, masu amsa wayar abokan ciniki ta tanadar wa a ranta.

Cikinsu akwai wata sabuwar ɗauka da ake kira 'Yar Gilashi. Ɗaki ɗaya take kwana da ƙannenta, kuma bangonsu ɗaya da shagon mai walda. Duk ranar da ta yi aiki daga gida, masu kira ƙarar ƙarfe suke ji, har Manaja ya ja mata kunne cewa in aka sake kawo ƙorafi, ta nemi wani aikin. Goggo ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ko ranar gidanki ce ki taho. In dai ina ginin nan, ba za ki rasa wurin zama ba."

Ranar da aka buɗe sabon ofis, manya suka riga kowa shiga, ƙafarsu kuma ta kai su bakin taga. Baba Akanta, wanda ya fi kowa daɗewa a kamfanin, ya zauna a kusurwa ya ce iskar wurin ta yi masa. Washegari ranar aiki daga gida ce ga manyan. Goggo ta kwashe kofinsa da matashin bayansa ta kulle a loka, ta goge teburan tas. Da hantsi ta leƙo, jerin tagar babu kowa. Yara, wato ƙananan ma'aikata, sun cunkushe a dogon tebur, gwiwar hannu na gugar gwiwar hannu. 'Yar Gilashi kuwa a matakala ta same ta, kwamfuta a cinya, yatsa a kunne.

"Me kike yi a nan? Ga tebura can suna hamma."

"Na su Baba Akanta ne, Anti."

"Baba Akanta yana gidansa da singileti yana shan shayi."

"In ya shigo fa?"

"Sai ki gaishe shi."

"Ina zaune a wurinsa? Ai gara ƙasa ta tsage in shige."

Goggo ta kamo hannunta ta kai ta kusurwar ta zaunar. Yarinyar ta ɗosana a bakin kujera, ido a ƙofa, ko iska ce ta motsa ƙofar sai ta miƙe. Aka yi rashin sa'a, Baba Akanta ya leƙo ɗaukar wani fayil.

"Zauna abinki, 'yata, yi aikinki," in ji shi, da zuciya ɗaya. Sai ya tsaya a gefenta yana duba fayil ɗin a tsaye, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

Da ya kore ta ma da ya fi sauƙi. Ta tattara wayoyinta ta koma matakala, kuma ko da goro ba ta sake yarda ta nufi tagar ba.

Goggo ba ta saduda ba. Bayan an tashi ta juya tebura, ta kai kujerar dattijon ɗaya ƙarshen. Yara suka gane kujerar, suka kuma tuna kusurwar, wuri biyu suka haramta maimakon ɗaya. Sai ta tari Baba Akanta da kansa.

"Ni na hana su?" ya ce. "Kin taɓa jin na ce nan nawa ne?"

"Ba sai ka ce ba, Baba. Inuwarka ma ta isa."

"To in daina zuwa?"

"A'a. Ka riƙa canja wuri, su ga ba ka da wurin kanka."

Bawan Allah ya bi shawara. Yau ya zauna nan, jibi can, yana ta raha wai ya zama ɗan ci-rani da furfurarsa. Duk inda ya taɓa zama kuwa, yara suka sa shi a lissafin wuraren Baba. Kafin wata ya ƙare ya haramta rabin ofis, bai ko sani ba.

A gida Goggo ta riƙa zazzage takaicinta a tsakar gida, Auta na yanka mata albasa.

"Na ba su iska, na ba su haske, na ba su kujerar da ba ta karya baya. Sun zaɓi matakala. Yaya, wannan ladabi ne ko wauta?"

Abba yana kishingiɗe a kujerarsa ta katako, wadda ko kyanwar gidan ba ta hawa. Ya bubbuga hannun kujerar.

"Ke da kike jan gadon kowa, kin taɓa zama a wannan?"

Goggo ta dubi kujerar, ta dube shi, ta ja tsaki ta shige ɗaki.

Manaja ne ya yanke maganar. Ya zaga wata safiya, ya ga taga wayam, ya ga cunkoso wajen buta, ya ce tsarin bai karɓu ba. Za a liƙa suna a kowane tebur bisa muƙami, ƙananan ma'aikata kuma su riƙa zuwa sau ɗaya a mako, sauran ranakun su yi daga gida.

"Yallaɓai, su ne fa ba su da wuri a gida. Manyan kowa da falonsa."

"Kin yi ƙoƙari, amma mutane sun nuna abin da suke so."

"A bar mini ko ɗakin bidiyo ɗaya saboda yarinyar nan mai amsa waya."

"Ɗayan na taro ne."

"Ɗayan kuma kai kake ciki, Yallaɓai."

"Na wucin gadi ne," ya ce, yana gyara hoton iyalinsa a kan teburin.

Ita aka sa ta liƙa sunayen. Ta liƙa su a miƙe, ba wanda ya karkace, don ba ta iya aikin ha'inci ko tana fushi. Amma ta yi kwanaki ba ta taɓa ko kujerar tsugunno a gida ba, har Abba ya fara tambaya ko lafiya.

Ranar Asabar da safe ta shigo ɗakin Auta, abin da ba ta saba ba. Ɗakin yana can ƙuryar gida, ba a jin titi, kuma Auta takan fita makarantar koyon ɗinki tun safe sai la'asar. Goggo ta tsaya ta saurari shirun. Ta duba soket, ta girgiza ɗan teburin karatu ta ga ko yana rawa, ta zauna a kujerar ta tashi.

"Auta, alfarma na zo nema. Na yi wa yarinyar mutane alkawari, bakina ya fi ƙarfina. Ki ara mata ɗakin nan in kin fita, kafin in san abin yi."

"Ba komai, Goggo."

"Saura ɗaya. Ki kwashe littattafanki daga teburin kafin ta zo. In ta tambaya, don Allah kada ki ce kujerarki ce. Ki ce mata tun da aka sayo ta ba wanda ya taɓa zama a kai."