Keken Bayamane

Ba a haife ni ba lokacin da sojojin ƙasashen waje suka sauka a ƙasar nan mai tsarki don tsare rijiyoyin mai. Amma abin da zuwansu ya bari a ɗakinmu na unguwar Ruwais, shi ya raine ni: wani baƙin keken ɗinki mai zanen ruwan zinariya.

Na maƙwabcinmu ne, wani tela Bayamane. Ƙasarsu ba ta goyi bayan zuwan sojojin ba, sai aka wayi gari an ce kowane Bayamane ya nemi kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya masa, ko ya tafi. Ya loda iyalinsa a mota, keke bai samu wuri ba. Ya ce wa Umma, "Riƙe mini, ya ukhti, 'yar'uwata. Ki riƙa taka shi kada ya yi tsatsa. Wata biyu ne."

Wata biyu ya zama shekara talatin da ɗoriya. Umma ta koyi ɗinki a kansa, da shi ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Nakan kwanta kusa da ƙafarta ina kallon fedar tana hawa tana sauka, ina mamakin ikon Allah: manya sun yi rigimarsu a kan mai, ga ni da gurasa a hannu.

Bara, bayan la'asar, wani tsoho ya yi sallama. Telan nan ne, Umra ya zo. Wani yaƙin kuma ya cinye shagonsa a can. Ya sha shayi, ya yi ta'aziyyar Baba, bai ambaci keke ba, amma idonsa na kansa.

Na ja Umma gefe. "Umma, in ya tafi da shi, da me za mu ci?"

"Da bakinmu," in ji ta. "Amana ce. Halas, magana ta ƙare."

Akwai rigar amarya a ƙarƙashin allura, saura hannu ɗaya. Tsohon ya ce, "Matsa, ya ukhti, kin karkatar da kafaɗa." Umma ta yi dariya har da ƙwalla. Ya zauna, da ya taka, ɗinkin ya miƙe sambal. Na tsaya ko numfashi ba na so in yi.

Da ya gama, Umma ta kwance kan keken da hannunta, ta naɗe shi a atamfar da ta fi so. Ni na sauko masa da shi har bakin titi. Ban taɓa sanin yana da nauyi haka ba.