Garin Cakulan da Tambayar Gwaggo

Ina tankaɗe garin cakulan a tsakar gida Gwaggo ta shigo, ƙanwar uban mijina, daga Duza.

Washegari zan tara mata a gidana nan Anka in tallata musu tukwane da kuloli. Na shirya komai ya zama na cakulan: kek, cincin, har kunun gyaɗa.

Gwaggo ta tsaya tana kallon tiren. Ba ta ko zauna ba.

"Ɗiyata, wanga gari ina anka niƙa shi?"

Na yi dariya. "A gwangwani na saye shi, Gwaggo."

"Kalarshi guda da garin dutsen zinare. Mu da munka bizne yara, ba mu ba ɗa abin da ba mu ga buɗinshi ba."

Dariyar ta tsaya mini. Rabin matan da na gayyata daga ƙauyukan da gubar dalmar garin dutsen zinare ta kashe yara suke.

Na fasa haɗa komai kafin zuwan matan. Da suka hallara na ɓalle sabon gwangwani a gabansu, muka kwaɓa tare. Gwaggo ta fara ɗanɗanawa, sannan mata suka miƙa wa yaransu.

Ni ado nake tunani, ita rai. Ku da kun lura?