Bargon da Ya Raba Attahiru da Majema

Kawuna Attahiru mutumin Dingyaɗi ne, majemi ɗan majemi. A zamanin Turawa, da wani kamfanin fatu ya kafa rumfar jima a Boɗinga, yana cikin mutum goma sha ɗaya da aka fara ɗauka. Aikinsa shi ne na ƙarshe, wato jan fata bayan ta sha bagaruwa har ta yi laushi. Aiki ne na mutum biyu, kowa ya kama gefe guda. Abokin jansa Haliru ne, shekara goma sha tara suna tare tun a majemar gida. Ko matarsa Kaltume ba ta san shi kamar yadda Haliru ya san shi ba.

Majema suna da ƙa'idarsu. Duk kyautar da ta shigo, ko goro ɗaya ce, gaban babba ake ajiye ta, shi zai ce ga mai ita. Babbansu lokacin Ɗanmalam ne, tsoho mai tsananin riƙon al'ada.

Wata shekara Baturen kamfanin ya ga dama ya karrama gwani. Da kyakkyawar niyya ya yi, ban hana ba, amma wa ya tambaya? Ya duba wanda fata ke fitowa daga hannunsa, ya tara mutane, ya miƙa wa Attahiru jan bargo, kamar shi kaɗai ya jiƙa, ya kankare, ya ja.

Kawu ya rasa abin yi. In ya ajiye gaban Ɗanmalam ya ci fuskar Bature, in ya riƙe ya ci fuskar majema. Tsoro ya rinjaye shi, ya yi godiya ya tafi gida da bargon, da nufin gobe ya gyara.

Da safe ya kai wa tsohon. Ɗanmalam bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Kai anka ba, ba mu ba. Tahi da abinka."

Babu wanda ya zage shi, da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Ana amsa gaisuwarsa, amma in ya ɗauki fata sai kowa ya sami abin da ya shagaltar da shi. Haliru ya koma ja da wani. Kawu ya riƙa ɗaure gefe ɗaya a turke yana ja shi kaɗai, fatar tana fitowa a karkace. Har yau abin yana ba ni haushi, a ce manyan mutane su yi wata huɗu suna kallonsa a haka saboda bargo.

Da damina ta kama ya bar aikin, ya koma Shagari wajen dangin Kaltume yana noman gero da albasa. Duk wanda ya zo daga Boɗinga sai ya tambaye shi Haliru, ya ba da albasa a kai masa. Ba a taɓa mayar da ita ba, wannan ya sa bai fid da rai ba.

Ran nan a kasuwa wani mai sayen albasa daga Boɗinga ya ambata, cikin hira, cewa an yi sadakar bakwai ta Haliru jiya. Kawu ya tambaya ko an aiko masa ne saƙon ya ɓace a hanya.

Mutumin ya ce, "Ban ji an aiki kowa ba, Malam."