Tsohon Magatakarda da Sunayen Ɗalibai

Matar tana zaune kan benci a ofishin makaranta, tana jiran takardar sakamakon 'yarta, idonta a kan tsohon magatakarda. Wuyan farar rigarsa ya sha guga har ya soma cinyewa. Ga biro maƙale a kunnensa, ga kanta a yatsansa na tsakiya, irin ta wanda ya shekara talatin yana kwafar rajista da hannu.

Yanzu an tsara masa umarni a kwamfuta. Maɓalli ɗaya yake dannawa, sunayen ɗalibai ɗari huɗu su tashi daga wannan fayil su shiga wancan da kansu, ba kwafa, ba liƙawa. Duk da haka yana bin su da yatsa layi-layi, leɓɓansa na motsi.

"Baba, ai na'urar ba ta kuskure," in ji matar.

"Ba kuskure nake nema ba, 'yata. Da can mako biyu nake wannan aikin, kafin in gama na san kowane yaro har da sunan ubansa. Yanzu wucewa suke yi, ko gaisawa ba ma yi."

Matar sauri take yi, amma sai ta gyara zama ta bar shi ya gama.