Zuwa Zariya da 'Yar Yayana Bayan Dashen Hanta

Ana sallame asuba muka bar unguwar Sharaɗa a Kano, ni da yayana da 'yarsa mai shekara shida, a tsohuwar fijo ta masaƙar da yake aiki. Bara mai masaƙar ya taimaka aka kai yarinyar Ingila, aka yi mata dashen hanta. Ta dawo garau, har tana tsallen igiya. Sai ga shi makon jiya cikinta ya kumbura, bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin.

Kowa a motar da wanda yake zargi. Yayana ya kafe cewa gajiyayyar hanta Turawa suka ba mu, tunda sun ƙi faɗin ta wane ce. Direba ya ce ruwan majemun Challawa ne da ke gangarawa rafi. Ni kuwa mutanen unguwa na sa wa ido, don masu zuwa dubiya sun fi kallon tabon cikinta a kan yi mata sannu.

Daga Kura titin duk ramuka ne, kowanne muka faɗa sai ta dafe ciki ta runtse ido. A Kwanar Dangora muka tsaya karyawa. Mai ƙosai na ganin fijo ta ninka farashi, wai wake ya hau. Wani mai tallar magani ya leƙo ta taga, ya ce jiƙonsa na sace kumburi nan take. Yayana har ya kai hannu aljihu. Na ce, "Yaya, wallahi ba za ta sha ba."

A wani babban asibiti a Zariya, likita ya ɗora mata na'ura a ciki yana kallon allo. Ya yi ta yawo da na'urar a kan cikin, har na fara zaton ɓoye mana yake yi.

Yayana ya ce, "Likita, ku gaya mana gaskiya. Hantar ce ta lalace?"

"Hantar lafiyarta ƙalau, Malam. Jijiyar da ke kai mata jini ce ta tsuke daidai inda aka ɗinke. Jini ya rasa hanya, ya taru ya kumbura saifa, yana tsattsafowa ta ciki. Yakan faru ga yara, don jijiyoyinsu ƙanana ne. Sai an mayar da ita Ingila an buɗe wurin, kuma kada ku yi jinkiri."

Aka kwantar da ita, aka ƙara mata jini. Da ta ɗan farfaɗo muka kamo hanya.

Mun shigo Kano da la'asar, ma'aikata na fitowa daga kamfanoni a kan kekuna. Yayana ko gida bai shiga ba, ya wuce wurin mai masaƙa neman taimakon kuɗin tafiya. Tafiyar nan ta nuna mini cewa da mun zauna neman mai laifi, da jininta ya ƙare muna musu a kanta. Yanzu jirgi muke jira. Tana kwance a ɗakina, nakan buɗe tafin hannunta in duba ko ya yi fari. Yau dai da sauran ja.