Zaman da Nake Taya Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, maganarsa ma ta ɗauke. Na baro makaranta a Kano na dawo ƙauyenmu da ke gefen Yammedi, na same shi a gindin darbejiyar tsakar gida, sai ido kawai. Tun tasowata shi ke buɗe mana addu'ar safe. Maƙwabtanmu Musulmi sukan ce in sun dawo daga sallar asuba suka jiyo muryarsa, sun san gidanmu an kwana lafiya.

Inna ta ce tunda ni ce mai karatu, in karɓi addu'ar. Safiyar farko na durƙusa, na rufe ido, bakina ya ƙi buɗuwa. Ni da nake cika littafin rubutu da waƙoƙi. Gaskiyar magana, fushi nake yi. Mun roƙa a coci, mun roƙa a bakin gadon asibiti a Ƙaraye, matan zumuntar cocinmu sun yi azumi, Allah bai ce uffan ba. Na fara tsoron ko babu kowa a inda nake aika maganata. Haka muka yi makonni, in yi shiru, Inna ta ce amin, mu tashi.

Kaka ce, gyaɗa ta shigo gida. Da hantsi nakan shimfiɗa tabarma kusa da Baba in yi ta ɓara, shi kuma yana tsince ruɓaɓɓu da hannunsa mai lafiya. Ba abin da ake ji sai ƙarar ɓawo da kurciyoyi a kan katanga.

Wata rana na je Rogo sayo magani, mota ta ɓata mana lokaci, ban dawo ba sai la'asar. Inna ta tare ni a zaure, ta ce ya ƙi shan fura, idonsa na kan ƙofa tun safe.

Na ce, "Inna, ai ba abin da nake yi masa. Zama kawai nake taya shi."

Ta ce, "To shi zaman ba komai ba ne, 'yar nan?"

Na shiga na zauna a wurina. Baba ya lalubi aljihunsa da ƙyar, ya jawo tafin hannuna, ya zuba mini gyaɗa manya-manya jajaye, waɗanda ya yini yana zaɓa. Duk ta yi ɗumi. Na daɗe ina kallonta. Ashe mai shiru yana iya yini da kai a ransa.

Washegari na durƙusa, na ce, "Yesu, ban ji muryarka ba, amma na zo in zauna kusa da kai." Iyakar abin da na iya ke nan. Kafin Inna ta ce amin, Baba ya buga tabarma sau biyu da tafin hannunsa.

Har yau bai yi magana ba. Kowace safiya nakan jira wannan bugun kafin in buɗe ido.