Hoton Baba a Ƙarƙashin Indararo

Mahaifina magini ne, kuma har ya manyanta ba shi da hoto ko ɗaya. Ba wai ƙi yake yi ba. A wurinsa, kamar sauran dattawan unguwarmu ta Kusfa, hoto sai an sa babbar riga, an naɗa rawani, an ƙame kamar an haɗiyi taɓarya. Kullum na yi masa magana sai ya ce, "Bari Sallah ta zo." Sallah ta zo ta wuce, wata ma haka. Ga tari ya fara cin ƙarfinsa, ni kuwa tsoro nake ji ya tafi bai bar mana fuskarsa ba.

Wata damina cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin, wani abokina a kwaleji ya ara mini kyamara da fim na baƙi da fari, in mayar washegari. Har yau ina sa shi a addu'a. Ranar kuwa tun asuba ake ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Al'adar Baba ce in ana ruwa ya fita duba sorayen da ya gina, kada indararo ya toshe ruwa ya kwanta a rufi. Ya ɗauki gorarsa, na cusa kyamara a leda na bi shi. Muka ratsa lunguna har Ƙofar Galadima, taɓo har idon sawu.

A bakin wani zaure ya ɗaga gora ya zunguri indararo. Ruwan da ya taru ya ɓalle, ya sheƙo masa a ka. Ya tuntsire da dariya, ni kuwa na danna.

"Kai, ja'iri! A haka?"

"A haka, Baba."

"Allah ya shirye ka."

Da aka wanko hoton, gida ya ɗauka. Yayata ta ce na tozarta tsoho, riga sharkaf, hula ta karkace. Inna, mahaifiyata, ta ce in yaga shi kada baƙi su gani. Wallahi raina ya ɓaci, na jefa shi ƙasan akwati.

Baba bai ga wata daminar ba. Inna na cikin takaba ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ina abin nan naka?" Na kawo. Ta daɗe tana shafa shi da yatsa.

"Alhamdu lillahi da ba ka ji maganarmu ba," in ji ta. "Mai rawanin na mutanen gari ne. Wannan shi ne nawa."